Birnin da Mota Ba Ta Mutuwa

Ban cika awa uku a ƙasar Kyuba ba aka yi mini faɗa, kuma a kan ƙofar mota. Mun fito daga masauki ni da ɗan yayana za mu shiga cikin birnin Habana, ya tsaya bakin titi ya miƙa hannu yana wani nuni da yatsa, sai ga wata shirgegiyar mota koriya ta rage gudu ta tsaya tana huci. Na shiga baya, na jawo ƙofa na buga ta garam, irin bugun da hayis ɗin Bichi ta koya mana, wanda in ba ka sa ƙarfi ba sai kwandasta ya sake buɗewa ya maka ta. Direban ya juyo gaba ɗayansa, ya dafe ƙirji kamar na mari ɗansa, ya yi ta zuba magana da Sifaniyanci. Fasinjoji suka kwashe da dariya.

"Baffa, cewa ya yi ka tausaya mata, ta girme ka," in ji yaron, yana danne tasa dariyar.

Na tambayi shekarunta. Chevrolet ce ƙirar 1953. Muna cikin watan Yulin 2019 ne, wato tana da shekara 66, ni kuwa ina 54. Direba ya fi ni gaskiya. Na ba shi haƙuri, na shafa kujerar ita ma na ba ta.

Abin da ya kai ni can, yaron ne ya gama karatun likita, mahaifinsa kuma Allah Ya yi masa rasuwa tun yana shekara ta uku, sai dangi suka ce ni zan wakilci gida. Na bar Kunci gero ya kai gwiwa ana shirin maimai, na bi ta Bichi zuwa Kano, daga nan Abuja, sai Istanbul, sai kuma wata doguwar tafiya a kan teku wadda ta sa na rasa gane azahar da la'asar. An yi bikin yaye ɗalibai lafiya, na yi kukan da ban shirya yi ba, wannan labarin wata rana ne. Yau na motoci zan ba ku, don ni ɗan direba ne. Da warin baƙin mai aka yaye ni. Mahaifinmu ya yi shekara ashirin da wani abu yana jan Fijo 404 akori-kura tsakanin ƙauyukanmu da kasuwanni, kuma tun ban kai tsawon taya biyu ba nake miƙa masa sifana.

Washegari da hantsi na sa yaron ya kai ni gaban Capitolio, wani makeken gini mai ƙubba da aka gama a 1929, wanda a lokacin ake ta yi masa kwaskwarima saboda birnin zai cika shekara 500 da kafuwa a watan Nuwamba. Na sami dakali na zauna. Likita ya yi ta fama da ni mu shiga mu ga ginin, na ce ya je ya gani ya ba ni labari. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Har azahar ban motsa ba.

Ku ɗauka an tara dawakin hawan Daushe, amma na ƙarfe. Ga ja, ga shuɗiya, ga ruwan ƙwai, ga ruwan hoda mai ɗaukar ido, kowace da farin ƙarfe yana walƙiya a baki da gefe. Kuma ba a jere suke don kallo kawai ba, wucewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, cike da mutane masu zuwa aiki, da mata masu jakar cefane, da 'yan makaranta. Da farko duk iri ɗaya na gan su, kamar yadda ɗan birni yake ganin garken shanu. Amma Bafulatani ya san kowace saniya da ƙahonta, ni ma kafin kwana uku na fara rarrabewa. Buick ita ce mai tsage: wasu 'yan huji uku ko huɗu a jere a kumatunta, bayan tayar gaba, daga nesa za ka ce ga 'yar gidan wane. Pontiac tana da zanen azurfa da ya taso daga hanci ya bi ta tsakiyar bonet har gindin gilashi, a goshinta kuma an kafa kan wani basarake na mutanen Amurka na asali, wanda a wasu motocin yake kamawa da haske in an kunna fitila. Studebaker ta 1950 hancinta a tsuke yake kamar na jirgin sama, har ka rasa gabanta da bayanta. Ford ta 1957 fitilun bayanta zagayayyu ne kamar faifai. Cadillac ta 1959 kuwa wasu fikafikai ne da ita a baya, tsayayyu masu tsini, in ta wuce sai ka ga kamar da gangan take yi. Ga Plymouth, ga Dodge, ga Oldsmobile. Amma Chevrolet ita ce talakar garin, ita ta fi yawa, ita ta fi shan wahala.

Wani mai Chevrolet ƙirar 1957 da ya ga na zagaya motarsa sau uku ina leƙe, sai ya sa yaron ya gaya mini wai in ni ɗan direba ne da gaske, in nemo masa inda ake zuba mata mai. Na duba hagu, na duba dama, na tsuguna na leƙa ƙasan lamba. Babu marfi, babu alamarsa. Sai da ya bari na yi gumi, sannan ya sa yatsa a jikin wani farin ƙarfe da ke ƙarshen fiffiken hagu, ya ɗan ja, ƙarfen ya buɗe kamar ƙyaure, ga bakin tanki a ɓoye a ciki. Waɗanda suka ƙera ta ba su yarda marfin mai ya ɓata mata kwalliya ba. Na ce a raina, lallai wannan ƙirar mutanen da cikinsu ya ƙoshi ce. Ciki kuwa kujerar gaba guda ɗaya ce doguwa kamar bencin zaure, giya a jikin sitiyari take, sitiyarin kansa ya kai faɗin tire.

Yadda aka yi motocin nan suka maƙale a tsibirin ba ɓoyayyen abu ba ne. Tsakanin Kyuba da ƙarshen jihar Florida mil 90 ne, kusan tafiyar Kano zuwa Zariya. Kafin 1959 kamfanonin Amurka ne ke riƙe da wutar lantarki da tarho da babban kaso na gonakin rake, kuma Habana ita ce wurin shaƙatawar attajiransu da 'yan cacarsu. Duk motar da Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, ta fitar a bana, a bana za a gan ta a titin Habana. Har tseren motoci na duniya ake yi a bakin tekun birnin, kuma a jajibirin na watan Fabrairun 1958 ne mutanen Fidel Castro, masu yaƙar gwamnatin shugaba Batista, suka shiga otal ɗin Lincoln suka yi awon gaba da Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina da ya ci kambun duniya sau biyar, suka riƙe shi har aka gama tseren sannan suka sake shi ko ƙwarzane babu. So suke duniya ta san da su, ta kuwa sani. Ranar 1 ga Janairun 1959 shugaba Batista ya tsere. Sabuwar gwamnatin juyin juya hali ta Castro ta ƙwace kamfanonin Amurka a 1960, Amurka ta tsayar da sayar wa Kyuba kaya, sannan a Fabrairun 1962 shugaba Kennedy ya rufe ƙofar ruf. Daga ranar ba mota, ba filogi, ba ko noti.

Amma takunkumin rabin labarin ne. Sauran rabin dokar cikin gida ce. Shekara hamsin da wani abu, motar da ɗan Kyuba ke da ikon saya ko sayarwa yadda ya ga dama ita ce wadda ta shigo kafin juyin juya hali. Lada da Moskvich da aka riƙa kawowa daga Tarayyar Sobiyat gwamnati ce ke raba su ga likitoci da ma'aikatan da suka yi fice, kuma ba a yarda ka sayar wa maƙwabcinka ba. Sai a 2011, zamanin Raul Castro, aka sassauta. To ka ga duk gidan da ya wayi gari a 1959 da mota a ƙofarsa, ya san ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Ana kiyasin kusan 60,000 daga cikinsu suna nan da rai.

A nan ne na gane abin, don na san irinsa a gida. A ƙasarmu ta Kunci gona ba ta hutawa. Mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaruwa, daga wannan gida kana hango wancan, babu dajin da za ka ce bari in sare in yi sabuwa. Gonar da kakana ya noma ita nake nomawa, kuma ba ta taɓa kwana shekara guda ba shuka ba. Me ya riƙe ta? Taki. Tun rani ake kwasar na awaki da tokar murhu da sharar gida, a ɗora wa jaki a mangala ko a zuba a amalanke, a je a tsuga shi tsibi-tsibi. Wanda ya san ba shi da wata gonar ba ya wasa da wadda ke hannunsa. Mutumin Habana motarsa gonarsa ce ta gado. Kakansa ya ja ta, ubansa ya ja ta, shi ma da ita yake ciyar da gida, kuma in za a raba gado ita ake fara kallo.

Direban koriyar nan da ya yi mini faɗa, shi ya zama abokina. Su ake kira botero, motocinsu na haya kuma almendron, daga sunan wani ɗan itace mai kama da ƙwallon aduwa, saboda ƙirar jikinsu mai kumburi. Da ya ji ubana direba ne, ya ce sai ya kai ni garejin surukinsa a unguwar Marianao. Garejin ba wani gareji ba ne, tsakar gida ce da rumfar kwano, ga igiyar shanya ta ratsa ta kan wata Dodge da aka kwance. Aka ɗaga bonet ɗin koriya. Na leƙa, na ɗago na dubi mutumin, na sake leƙawa. Babu Amurka a ciki ko kaɗan. Injin na Hyundai ne mai shan gas. Giyabos na Toyota. Birkin gaba daga wata Marsandi aka ciro. Ƙafar baya ta wata motar Rasha ce, lagireto kuwa na babbar mota ne aka rage masa tsawo. Kwanon almajiri ke nan: tuwon gidan nan, miyar gidan can, kuma ya ƙosar. Ya ce injinta na asali fetur yake sha kamar raƙumi ya sami rijiya, ba mai iya yin haya da shi. Gas ya fi araha, kuma ana samunsa ta bayan fage. Da yaron ya fassara mini wannan sai na ce ya gaya masa mu ma muna da 'yan bumburutu, ba sai ya yi dogon bayani ba.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo mai gyaran bodi da na tarar a kusurwar gidan. Kumatun wata Buick ne tsatsa ta cinye, ba kuma inda za a sayo wani a faɗin ƙasar. Ya yanko falle daga jikin tsohon firji, ya ɗora a kan kututturen itace da aka fafe tsakiyarsa kamar turmi, ya ɗauki guduma mai zagayayyen kai. Ba ma'auni, ba zane. Ya buga sau biyar ko shida, ya ɗaga ƙarfen ya kara a jikin motar, ya runtse ido ya bi shi da tafin hannu kamar mai duba ƙarin ƙashi, ya mayar kan kututture. Na fi awa ina kallonsa. A gabana shimfiɗaɗɗen ƙarfe ya yi ciki, ya yi kafaɗa, ya ɗauko lanƙwasar da wani injin Detroit ya buga shekara sittin da suka wuce. Da ya zo kan hujin tsagen nan uku, sai ya ciro na ɗaya ɓarin ya ɗora ya zana da ƙusa. Maƙeran garinmu masu ƙera garma da hauya suka faɗo mini, don zaman iri ɗaya ne, shirun ma iri ɗaya ne.

A gefensa wani saurayi yana yanka gasket daga kwali, wani yana fere robar ƙafa daga tsohuwar taya. Jan gilashin fitilar baya ma a gida ake narka roba a zuba shi. Suna da kalmomi biyu da ba sa rabuwa da bakinsu, inventar da resolver, wato ƙirƙiro dabara da kuma san-yadda-za-ka-yi. Dattijon ya ce wannan duk wasa ne in aka tuna shekarun da suka biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, lokacin da man Rasha ya yanke, wuta ta riƙa ɗaukewa rabin yini, abinci ya yi wuya. Ya ce a lokacin har da sabulun wanke gashi suka riƙa haɗa man birki. Motoci da yawa an ɗora su kan duwatsu an lulluɓe da buhu, gwamnati ta shigo da kekuna daga Sin, Flying Pigeon da Phoenix. Da na ji Phoenix na yi dariya, na ce ai da ita na yi sakandare. Abin lura, ko a cikin wannan yunwa ba su farfasa motocin sun sayar da ƙarfen ba. Sun jira.

Motocin kashi biyu ne, kuma baƙo mai gaggawa kashi ɗaya yake gani. Akwai 'yan gata, masu buɗaɗɗen sama da fenti mai sheƙi, waɗanda ke jeruwa a Parque Central da Dandalin Juyin Juya Hali, inda aka kafa fuskar Che Guevara ta ƙarfe a jikin bene. Su Turawa suke ɗauka, a zaga da su awa guda ana ɗaukar hoto, kuma abin da direba ke karɓa a wannan awa ya kusa albashin wata na ma'aikacin gwamnati, wanda a lokacin bai kai dala 50 ba. Shi ya sa za ka tarar da injiniya ko malamin makaranta a bayan sitiyari. Wasunsu ma da rufinsu aka ƙera su, daga baya aka yanke don baƙi sun fi son iska. Samarinmu masu kallon fassara sun ga irinsu a farkon fim ɗin Fast & Furious na takwas, a titunan nan aka ɗauke shi. Sai dai na same su cikin zulumi, don a watan Yuni, wata guda kafin zuwana, gwamnatin Trump ta hana jiragen ruwan yawon buɗe ido na Amurka zuwa Kyuba. Direbobi na zaune a inuwa suna goge motar da ba ta yi ƙura ba.

Ni kuwa ɗaya kashin ne ya sace zuciyata, su almendron masu aikin ƙarfi. Fentinsu da buroshi aka shafa, ƙofa wani lokaci da sakata ake rufe ta, hayaƙi kuwa, gaskiya ɗaya ce, in ka tsaya a titin Neptuno da yamma sai idonka ya yi ja. Kowace tana da layinta kamar bas. Babban matattararsu na kusa da Capitolio, daga nan suke watsuwa zuwa Vedado da Marianao da sauran unguwanni. Ba kwandasta, ba ɗan kamasho mai kiran gari. Da yatsu ake magana: fasinja ya yi alamar layin da yake so, direba ya amsa da tasa alamar ta taga, in sun dace ya tsaya. Mutum biyu a gaba ban da direba, uku ko huɗu a baya, kuɗin mota a lokacin feso 10 ko 20 ne gwargwadon nisa. Kana zaune kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ka sani ba, kiɗa na tashi, in suka ji an ce Najeriya sai fuska ta washe, a fara jero maka Yoruba da Ife da Oyo, don jikokin bayin da aka kwaso daga can suna nan da al'adunsu. Na gaji da bayanin cewa ni daga arewa nake, na koma gyaɗa kai.

Ranar da muka tafi Binyales, wani kwari a yammacin ƙasar mai nisan kusan kilomita 180, a cikin wata doguwar Chevrolet muka tafi, irin mai kama da motar ɗaukar marasa lafiya, an ƙara mata benci biyu a baya, mu goma sha ɗaya. A hanya muka riƙa wuce manyan motocin Ford da GMC na shekarun 1950 da aka yi wa rumfar ƙarfe da 'yan tagogi, cike da mutanen ƙauye a tsaye da a zaune, sak motocin Dambatta ranar Lahadi, akuya kawai na nema ban gani ba. Wurin ya shahara da taba, amma ba lokacinta ba ne, masara da rogo da gwaza muka tarar a jar ƙasa. Ga manomi da shanun huɗa guda biyu yana yi musu magana da sunayensu. Na sa aka tsaya, na karɓi garmar na ja kunya ɗaya. Ta karkace, ya yi mini dariya, na ce shanun ne ba sa jin Hausa.

Juma'a kuma a tsohon gari muka yi ta, a masallacin Abdallah da ke titin Oficios, wanda aka buɗe a 2015. Sahu ya haɗa ɗaliban Afirka da Larabawa da 'yan ƙasa da suka musulunta, har wani yaro daga Nijar ya gaishe ni da Hausa na ji kamar an ba ni ruwan randa. Bayan sallah Likita ya ce, "Baffa, ka san me ke cikin ginin nan kafin ya zama masallaci? Gidan adana tsofaffin motoci ne." An kwashe su an mayar wani gini kusa da tashar jiragen ruwa. Na ce to, ko a masallaci ma ban tsira daga gare su ba.

Kada in yi muku ƙarya, masu motocin ba kallon da nake yi musu suke yi musu ba. Na ce wa abokina botero ya yi sa'a da ya gaji irin wannan dukiya. Ya kalle ni sheƙeƙe. Ya ce a kowane mako sai ya kwana ɗaya a ƙarƙashinta, bayansa ya lalace, in zan ba shi ƙaramar Toyota mai sanyi yau ɗin nan zai miƙo mini makulli. Ya ce a Janairun 2014, da gwamnati ta ce kowa na iya sayen sabuwar mota ba sai da takardar izini ba, mutane suka yi tururuwa zuwa wurin sayarwa, suka tarar an rubuta wa Fijo 508 dala 262,000. Suka kalla, suka koma gida suka ɗauki sifana. Duk da haka da muka tsaya, na ga ya ciro tsumma ya goge inda gwiwar hannuna ta taɓa. Tsohon doki sai mai shi.

Daren ƙarshe a Malecon na yi shi, doguwar katangar bakin teku mai kilomita 8 inda duk garin ke fitowa shan iska. Igiyar ruwa na dukan katanga tana watso gishiri har tsakiyar kwalta, motocin na ratsawa ta ciki. Gishiri kuwa shi ne ajalin ƙarfe. Sai na tuna mu Allah Ya ba mu busasshiyar iska, wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, ƙarfe zai shekara talatin a bayan gida bai ruɓe ba. Su suna yaƙi da teku kullum, sun riƙe nasu. Mu da ba mu da wannan abokin gaba, ina namu?

Ina Bedford da Austin da suka kwashi gyaɗar da aka gina dala da ita a Kano? Ina Fiat ɗin da aka riƙa haɗawa a Kano, da Steyr ta Bauci? Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da 404 da 504, har ya zama daga gwamna zuwa direban tasha mota ɗaya suke hawa. Yau sai ka yini a titin Katsina ba ka ƙirga biyar ba. In ka cire tsohuwar Rolls-Royce ta gidan Sarkin Kano da ake fitowa da ita jefi-jefi, ban san wata tsohuwar mota da muke tashi tsaye mu kalla ba. Ba hannu muka rasa ba. Wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa ya san akwai yaran da za su dasa injin wata mota a cikin wata kafin la'asar, kuma dattijon Marianao ba zai raina aikinsu ba. Bambancin shi ne mu ƙofarmu a buɗe take. Kwatano na nan, 'yar Beljiyam na shigowa, in wannan ta gaji a jefar a ɗauko wata gajiyayyar.

Akori-kurar mahaifinmu ya saye ta a 1978. Ta kai gero da wake kasuwa, ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, ta kai gawa. Da ƙarfinsa ya ƙare aka jingine ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, kaji suka mayar da ita akurki. Bayan rasuwarsa 'yan gwangwan suka zo da sikeli da guduma. Ni na karɓi kuɗin, ni na raba wa magada, kuma abin da kowa ya samu bai sayi tunkiya ba. A lokacin ko a jikina. Sai da na zauna gaban wani dattijo a wata tsakar gida a Habana, yana fitar da kumatun Buick daga jikin firji, sannan abin ya dame ni.

Na dawo na tarar gero ya fitar da kai. Likita yana aikinsa yanzu, in mun haɗu yakan tsokane ni ya ce Baffa ya je Kyuba bai ga Kyuba ba, ƙarƙashin mota ya gani. Tun daga lokacin nake cigiya, kuma bana bayan girbi na sami wata 404 akori-kura a wani ƙauye ta wajen Tsanyawa, ba taya, ba gilashi, amma bodinta garau, ko huji babu. Na riga 'yan gwangwan da kwana biyu. Mun jawo ta da tarakta, tana ƙarƙashin darbejiyar nan, wani bakanike a Bichi ya ce zai tayar da injin. Gilashin gaba ne har yanzu ya gagara. Duk wanda ya san inda za a same shi, a Kano ne ko Katsina ko Maraɗi, don Allah ya yi mini magana.